Amsa Ga Mai Tambaya Kan Duba Haƙoran Gawa

Malam, assalamu alaikum.

Na ji tambayar da ka aiko wa shirin rediyon da aka gayyace ni, inda ka ce: mene ne amfanin duba haƙoran mutanen da suka ƙone a hatsari, alhali addini ya umarce mu da gaggauta jana'iza? Lokaci bai ba ni damar amsawa ba, shi ya sa na rubuto.

Ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi kowane sashe na jikin ɗan Adam tauri, saboda haka idan wuta ta cinye fuska da zanen yatsa, sau da yawa haƙora na nan, tare da cikon da likita ya yi musu, da giɓi, da wushirya, har da haƙorin Makka. Tun gobarar wata kasuwar sadaka a birnin Faris na ƙasar Faransa a shekarar 1897, wadda ta kashe fiye da mutum 120, likitocin haƙori suka taimaka wajen gane gawawwaki, kuma yau hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta sanya haƙori cikin manyan hanyoyi uku na tabbatar da mamaci, tare da zanen yatsa da gwajin ƙwayoyin halitta. A nan gida ma an yi amfani da shi a Legas bayan faɗuwar jirgin Dana a watan Yunin 2012.

Sai dai haƙori ba ya faɗin sunan mai shi. Aikinmu kwatance ne: a ɗauki hoton muƙamuƙin gawa a gwama shi da wanda aka ɗauka lokacin da mutumin yake raye. Igiyar ruwan tsunami ta 2004 ta nuna haka a Tailan, domin yawancin baƙi 'yan yawon buɗe ido ta haƙoransu aka gane su, su kuwa 'yan ƙasar, da yake da yawansu ba su da bayanan da aka adana, sai aka koma ga zanen yatsa da ƙwayoyin halitta. Halinmu ya fi kama da na 'yan ƙasar Tailan ɗin, tunda akasarin mutanenmu ba sa zuwa asibitin haƙori sai ciwo ya hana barci, kuma wanda wanzami ya cire wa haƙori ba ya barin rubutu a ko'ina. A ganina, mu likitoci ne farkon waɗanda ya kamata a tuhuma kan rashin adana katin majinyaci.

Duk da haka, a hatsari irin na tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu aka binne da yawa a kabari ɗaya, haƙori zai iya nuna yaro ne ko babba, kuma ana iya samun ƙwayoyin halitta a cikinsa don gwamawa da na iyaye. Ɗaukar hoto da samfuri aikin sa'o'i ne, ana iya yi a yi sutura, a ci gaba da kwatance daga baya. Ka kuma tuna cewa takabar mace da rabon gadon marayu duk sun rataya ne a kan tabbatar da mutuwar.

Inda nake da ja a wannan aiki namu shi ne amfani da tabon cizo a jikin mutum a matsayin shaidar gano wanda ya yi cizon a kotu, domin fata tana miƙewa tana kumbura. A Amurka, wani mutum mai suna Ray Krone ya yi shekara goma a kurkuku bisa irin wannan shaida kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 2002, don haka ba zan shawarci wani alƙali ya dogara da ita kaɗai ba.

Wassalam,
Likitan haƙori