Buɗaɗɗiyar wasiƙa: Shin daga bikin Rumawa aka samo Kirsimeti?

Ya ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A shirin rediyon da muka yi makon jiya ka tambaye ni a bainar jama'a ko gaskiya ne Kirsimeti tsohon bikin Rumawa ne da aka sauya wa suna. Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, kuma tambayar ta fi ƙarfin e ko a'a, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bikin da ake nufi shi ne Saturnaliya, wanda Rumawa ke yi domin Saturn, abin bautarsu na noma. Yana farawa ranar 17 ga Disamba, daga baya aka tsawaita shi zuwa 23. A waɗannan kwanaki ana rufe kotuna da makarantu, a bar mutane su yi caca wadda doka ta hana a sauran ranaku, a yi musayar kyautar kyandirori da 'yan mutum-mutumin yumɓu. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne matsayin bawa, domin yakan zauna ya ci ya sha, wani lokaci ubangidansa ne ma ke masa hidima, ya kuma faɗi abin da ke ransa ba tare da tsoron bulala ba.

Amma ka lura, bikin yana ƙarewa kwana biyu kafin 25 ga wata, don haka ba shi ya ba Kirsimeti ranarsa ba. Linjila ba ta ambaci ranar haihuwar Almasihu ba. Tabbatacciyar shaida mafi tsufa ta yin Kirsimeti ranar 25 ga Disamba tana cikin wata kalandar birnin Roma ta shekarar 354, a wani jeri da masana ke ganin an tsara tun 336. Ita wannan kalanda ta kuma nuna 25 ga Disamba a matsayin bikin Rana, abin bautar da Sarki Aureliyan ya gina wa haikali a 274. Daga nan wasu suka ce majami'a ta zaɓi ranar ne domin ta janye mutane daga bautar Rana. Wasu kuma suka kawo lissafin Kiristocin farko, waɗanda suka ɗauka an ɗauki cikin Almasihu ranar 25 ga Maris, sai suka ƙirga wata tara. A ganina bayanan biyu ba sa karo da juna, kuma wanda ya ce maka ɗaya kaɗai ne gaskiya ya wuce inda shaida ta tsaya.

Inda tasirin Rumawa ya fito fili shi ne a al'adu, musamman na sabuwar shekara, ranar 1 ga Janairu, lokacin da suke ƙawata ƙofofi da ɗanyen ganye suna aika wa juna kyaututtuka. Tun wajen shekarar 200 malamin Kirista Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiyar yau, yake kokawa cewa Kiristoci na shiga Saturnaliya da kyaututtukan sabuwar shekara. Daga baya Agustin, bishof na Hippo a Aljeriyar yau, ya gargaɗi jama'arsa su girmama ranar Kirsimeti saboda Wanda ya halicci rana, kada su yi saboda ita kanta ranar da ke sama. A ƙarni na 5 Fafaroma Liyo ya tsawata wa masu rusuna wa rana a matakalar majami'ar Bitrus da ke Roma. Wannan faɗan da shugabanni suka daɗe suna yi yana nuna cewa mutane sun shiga sabon addini ɗauke da tsofaffin ɗabi'unsu, majami'a ta yaƙi wasu, ta haƙura da wasu.

Bishiyar Kirsimeti da ka ambata kuwa babu ruwanta da Roma. A yankunan masu magana da Jamusanci ta ɓullo wajen ƙarni na 16. Ita ma ranar bikin ba ɗaya ba ce a ko'ina, domin Kiristocin Armeniya har yau ranar 6 ga Janairu suke bikin haihuwar Almasihu.

Naka a kullum,
Malamin tarihi