Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a Kan Hannayen Da Aka Guntule

Assalamu alaikum, mai girma Minista Lateef Fagbemi. Allah ya taya ka riƙo.

A sansanin 'yan gudun hijira na Durumi, nan Abuja, akwai wani dattijo mutumin Gwoza da nake zuwa gaisarwa. Hannunsa na dama dungu ne. Mayaƙan daji ne suka sare shi a gaban iyalinsa don ya hana su ɗansa. Yau ko alwala sai jikansa ya zuba masa ruwa.

Ranka ya daɗe, in aka kama wanda ya yi wannan aika-aika, da me za a tuhume shi? Da ta'addanci, kamar yadda aka yi ta yi a shari'o'in waɗanda ake zargi 'yan Boko Haram ne a Kainji tun 2017, ko da jikkata mutum a ƙarƙashin Fenal Kod, tamkar rikicin kasuwa. Laifin yaƙi kuwa babu shi a takardar tuhuma, domin Dokar Yarjejeniyoyin Geneva ta 1960 da muke da ita ta tanadi hukunci ne kan manyan laifukan yaƙin ƙasa da ƙasa. Namu yaƙin na cikin gida ne.

Ka fi ni sanin cewa sashe na 3 na yarjejeniyoyin Geneva na 1949 ya haramta yanke gaɓar wanda ba ya faɗa ko da a yaƙin cikin gida ne, kuma sashe na 8 na Yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ya kira shi laifin yaƙi. Najeriya ta amince da ta Rum tun 2001. Amma sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce sai Majalisa ta mayar da ita doka kafin alƙali ya yi aiki da ita. An shirya ƙudurin yin hakan a 2012, ya kwanta, har yau bai zama doka ba. Mutum nawa aka nakasa a tsakani?

A Saliyo, kotu ta musamman ta ɗaure shugabannin 'yan tawayen RUF a 2009, kuma guntule hannayen farar hula na cikin laifukan da aka ambata da sunansu. Mu ma abin da muke roƙo ke nan, kuma dokar ta hau kan kowa, ɗan tawaye ne ko mai kaki.

Akwai batun diyya da hannun roba, amma wannan sai wani jiƙon.

Don Allah ka ɗauko ƙudurin nan ka mayar da shi gaban Majalisa a wannan zangon. Dattijon Durumi ya tsufa, kuma shi ne shaida.

Wassalam,
Wani mazaunin Garki, Abuja