Saƙon Kwamitin Zartarwa ga 'Yan Ƙungiya kan Abin da Ya Faru a Taron Bayan Salla

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna Amurka, barkanmu da Salla, Allah Ya maimaita mana. Da so samu ne da gaisuwa kawai za mu aiko, to amma abin da ya faru a taron Lahadi, 20 ga Oktoba 2013, ba abin da za a rufe ba ne, don kafin mu isa gida labarin ya riga mu isa garinmu. Sakatare yana kan hanya ƙanwar mahaifiyarsa ta bugo masa waya daga gida, wai ta ji ƙungiya ta watse.

Ƙungiya ba ta watse ba. Ga yadda aka yi, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kun san gwamnatin tarayyar ƙasar nan ta rufe ma'aikatunta daga 1 zuwa 16 ga Oktoba, aka sallami ma'aikata wajen 800,000 zuwa gida. Babbar Salla ta same mu a cikin wannan hali. Cikakkun ma'aikatan gwamnati doka ta ce za a biya su kwanakin da suka zauna. Amma mutanenmu mafi yawa ba su ne ba. Namu su ne masu shara da gadi a gine-ginen gwamnati ta hannun 'yan kwangila, da masu tuƙa tasi a Washinton, kuma babu wanda ya yi musu alkawarin ko sisi. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya shaida mana cewa ranar jajibere ya yi awa uku a layin tasi kusa da gidajen tarihin Smithsonian, ƙofofi a garƙame, babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya, ya koma gida da dala 14. Bana bai yi layya ba, karo na farko tun zuwansa ƙasar nan. Bai roƙi kowa ba, kuma ba don matarsa ta faɗa wa Hajiya shugabar mata ba da ba mu sani ba.

Saboda irinsu kwamiti ya kawo shawarar a fitar da tallafi daga asusun gaggawa ga gidaje 9. Tsarin mulkinmu ya ce sai da kashi biyu cikin uku na mahalarta a zaune, kuma sai cek ya samu sa hannun mutum biyu. Ana shirin ɗaga hannu sai wasu mutum 7 suka ce ba za a taɓa asusu ba sai an fara soke maganar rijiyar burtsatse da babban taro ya amince da ita tun bara, a mayar da ita unguwarsu ta can gida. Aka ce musu wannan magana daban, waccan daban. Suka tattara takalmansu suka fice, adadi ya gaza, taro ya mutu. Ma'aji ya mayar da littafin cek cikin jaka. Naman da mata suka kwana suna soyawa haka aka ƙulle shi a leda aka raba a bakin ƙofa, kowa fuska a murtuke.

Daga nan rikici ya koma WhatsApp, inda aka yi ta kiran waɗanda suka fice "'yan shayi". Tunda sunan ya shiga bakin kowa, har da masu yaɗa shi ba su san asalinsa ba, bari mu tsaya a kansa kaɗan.

An ɗauko sunan ne daga Tea Party ta siyasar Amurka, don "tea" shi ne shayi da Turanci. Tea Party ba jam'iyya ba ce mai ofis da katin shaida. Tafiya ce ta masu ra'ayin riƙau da ta taso daga ƙasa a 2009, farkon mulkin Obama, cikin fushin kuɗin da gwamnati ta zuba don ceto bankuna da kamfanoni. Sunan sun aro shi ne daga abin da ya faru a Boston a 1773, lokacin da mutanen garin suka zubar da ganyen shayin Ingila cikin teku saboda haraji. Kukansu shi ne haraji ya yi yawa, bashi ya yi wa ƙasa katutu, gwamnati tana tsoma baki a abin da ba ruwanta. A zaɓen 2010 ƙarfinsu ya taimaka wa jam'iyyar Rifablikan ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai, John Boehner ya zama kakaki. A 2011 suka ja daga kan iyakar bashin da gwamnati za ta iya ci, har kamfanin Standard & Poor's, mai auna amincin masu cin bashi, ya rage darajar Amurka wajen cin bashi, abin da bai taɓa faruwa ba. Bana kuma suka ce ba kasafin kuɗi sai an hana dokar inshorar lafiya ta Obama kuɗin aiki, dokar da aka sa wa hannu tun Maris 2010, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 2012. Sanata Ted Cruz na Texas ya yi sama da awa 21 a tsaye yana magana a zauren Majalisar Dattawa, har da karanta wa 'ya'yansa littafin yara ta talabijin.

To me aka samu? Daren 16 ga wata Majalisar Dattawa ta amince da buɗe gwamnati da ƙuri'a 81 da 18, ta Wakilai da 285 da 144. Dokar inshora tana nan daram. Shi dai Standard & Poor's ya ƙiyasta asarar ta kai dala biliyan 24. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, don a ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar Pew da ta fito a tsakiyar Oktoba, kashi 49 cikin 100 na Amurkawa sun ce ba sa ganin Tea Party da kyau, kashi 30 ne kawai ke yabonta. A farkon 2010 masu ƙin ta kashi 25 ne. Cibiyar Gallup kuma ta samu masu yaba wa jam'iyyar Rifablikan sun sauko zuwa kashi 28, mafi ƙanƙanta tun da ta fara yin wannan tambaya a 1992. Abin lura, ba wai mutane sun daina damuwa da haraji ko bashi ba ne, kuma dokar inshorar ita ma ba kowa ke son ta ba. Hanyar ce mutane suka ƙi: a riƙe albashin mai shara don a ci nasarar da aka kasa ci a akwatin zaɓe.

Mun san a cikinmu akwai masu ganin Tea Party na da gaskiya a wasu wurare. Mai ƙaramin shago da ke cika takardun haraji kowane Afrilu ya san inda ke masa ƙaiƙayi, kuma ba mu kafa ƙungiyar nan don mu zaɓa wa kowa jam'iyya ba. Wanda ya zagi ɗan uwanmu a WhatsApp har ya ambaci mahaifinsa don kawai ya faɗi ra'ayinsa, ya yi laifi, kuma kwamitin ladabtarwa zai kira shi. Sunan "'yan shayi" ma a daina. Mutanen nan bakwai da su aka kafa ƙungiya, wani cikinsu a ɗakinsa aka yi zaman farko, a kan tabarma, ana karɓa-karɓar kofi ɗaya.

Amma ku bakwai ɗin, da ku muke. Wallahi abin ya yi mana ciwo. Maganar rijiya an kaɗa mata ƙuri'a bara kuna zaune, kuka sha kaye, kuka yi shiru shekara guda. Ba ku rubuto takarda ba, ba ku nemi a sake dubawa ba, sai ranar da 'yan uwanku ke jiran kuɗin haya kuka tuna da ita. In kuna ganin an zalunci unguwarku, akwai hanyar ɗaukaka ƙara a sashe na 6, kuma ƙofar Shugaba ba ta taɓa rufuwa ba. Ku tambayi kanku su wa kuka hukunta ranar Lahadi. Shugaba ya kwana a gidansa lafiya, Ma'aji ma haka. Wadda ta kwana tana lissafin ranar 1 ga wata ita ce matar da mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, wadda wasunku suka ɗauki makararsa da hannunsu. Mun ji ana cewa ai 'yan majalisar Amurka ma haka suke yi. Su in sun tashi daga faɗa ba gidan surukan juna suke zuwa cin tuwo ba. Mu kuwa uwar wannan ita ta yi wa wancan wankan jego, kuma duk abin da muka yi a nan, kafin gari ya waye ana maimaita shi a ƙofar fada da bakin kasuwa. Akwai kuma waɗanda ba su fice ba amma su ne ke hura wutar ta bayan fage, suna buga waya gida-gida. Mun san su, sun san mun san su. Wannan karon ba mu kama suna ba.

Sauran batutuwa a taƙaice:

Kuɗin wata: mutum 31 ake bi bashin sama da wata shida. Waɗanda rufewar gwamnati ta shafa an yafe musu Oktoba da Nuwamba. Sauran su ga Ma'aji.

Cacar biza: bana, 2013, an cire Najeriya daga cikin ƙasashen da za su shiga. Kada kowa ya tura wa wani kuɗin cika fom a gida. Masu iyali haifaffun Nijar ko Gana suna iya cikawa, ana rufewa 2 ga Nuwamba 2013.

Dokar shige da fice da Majalisar Dattawa ta amince da ita a Yuni 2013 da ƙuri'a 68 da 32, har zuwa Oktoban 2013 tana kwance a Majalisar Wakilai. Duk wanda ya ce muku an fara ba da takardu, ku riƙe kuɗinku.

Zaman kotun shige da fice da aka ɗage lokacin rufewar: a tuntuɓi lauya don sanin sabuwar rana.

Inshorar lafiya: shafin intanet na yin rajista yana ba da wahala a wannan Oktoba na 2013, amma akwai lokaci har ƙarshen Maris 2014. Matasanmu za su zauna da kwamfuta bayan sallar Juma'a don taimaka wa dattawa.

An kira taron gaggawa ranar Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar, a wurin da aka saba. Batu ɗaya ne a gaba, tallafin gidaje 9. Maganar rijiya an ba ta babban taron Disamba, kuma za a saurari kowa. Kafin nan Malam Liman da dattawa biyu za su bi ku bakwai ɗin gida-gida, muna roƙon ku karɓe su. A tuna a daren Asabar ɗin ake mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Wassalam.

Shugaba da Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa