Godiya ga ofishin EducationUSA na Abuja, daga wani tela a Kano

Zuwa ga ma'aikatan ofishin EducationUSA da ke Abuja, masu ba ɗalibai shawara kan neman karatu a Amurka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ni tela ne a cikin birnin Kano, shekarata 24 a kan keke. Turancina bai wuce na awo da ciniki ba, shi ya sa na rubuto da Hausa. Wanda yake ji a cikinku ya taimaka ya karanta wa sauran. Na ƙi naɗe wasiƙar a ambulan ne saboda akwai iyaye irina da nake so su ji. Sunan yarinyar kuwa ba zan ambata ba. 'Yar fari ce, ko a tsakar gida bakina ba ya iya kiransa, balle a bainar jama'a. Ku dai kun san ta.

Ta gama makarantar gwamnati ta 'yan mata a 2022, sakamakonta na WAEC ya fito da kyawun da har shugabar makarantar ta aiko a kira ni. Murna ta sa na yi wauta. Wani mutum mai ofis da tambari da kujerar juyi ya ce zai samo mata gurbi a ƙasar waje, in kawo kuɗin fom da na "bin takardu". Na sayar da keken surfanina na kai masa. Bayan wata uku wayarsa ta daina shiga, ofishin ya koma shagon sayar da katifa. Saboda haka ranar da malamarta ta lissafi ta zo shago tana ba ni labarin ofishinku, ban ko ɗago kai daga ɗinkin da nake yi ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni kuwa da tsumma nake wuni. Tambaya ɗaya na yi mata: nawa za su karɓa? Ta ce shirin da take magana a kai sunansa Opportunity Funds, an yi shi ne don yara masu ƙoƙari da iyayensu ba su da hali, kuma su ne ma za su kashe mata. Na ce to mu gani.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ba ku yi mana alkawarin komai ba. Tun zaman farko da aka yi da ɗaliban bayan an ɗauke ta a shirin a 2023, ta dawo ta ce: "Baba, sun ce su ba sa ba da gurbi, ba sa ba da kuɗin makaranta, ba kuma su ke ba da biza ba." Na ce to me suke yi ke nan? Sai ta zauna ta warware min. Kuɗin karatun yana hannun jami'o'in kansu. Manyan cikinsu kuɗin shekara ɗaya, da makaranta da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000, adadin da ko a mafarki ban taɓa ƙirgawa ba. Amma wasu 'yan kaɗan, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ba sa duba aljihun uba lokacin da suke zaɓen ɗalibi, ko daga wace ƙasa ya fito. In sun ɗauke shi, sai su cike duk abin da gidansu ya kasa biya. Wasu kuma da yawa suna ba da tallafin, sai dai suna auna yawan buƙatarka kafin su ce eh. Akwai ma kwalejin Berea a jihar Kentaki, wadda ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga ɗalibanta, kowa sai dai ya yi aikin akalla awa 10 a mako a cikin makarantar. Wannan ta burge ni, don ni mutum ne mai son a ci da gumi.

Kun kuma hana ta ɓata lokaci. Ta ci karo da wani shiri a intanet mai suna QuestBridge, wanda ke haɗa 'ya'yan talakawa da manyan jami'o'i, ta kwana tana murna. Da ta tambaya, aka gaya mata gaskiya cewa wannan ƙofa ta 'yan ƙasar ce da yaran da ke sakandare a can Amurka, ita tata hanyar daban. Ba a ƙyale ta ta yi wata guda tana ƙwanƙwasa ƙofar da ba za ta buɗu ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Mu Hausawa muna cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Ruwan yana can, amma kafin ka kai gare shi akwai ƙananan kuɗaɗe da mai hali ba ya ko lura da su, su ne kuma ke tsayar da ɗan talaka tun a bakin rijiyar. Jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka kaɗai ta fi dala 100 ga ɗalibin da ke wajen Amurka. Kuɗin neman gurbi a wasu makarantun yakan kai dala 80 kowace ɗaya, in ba a yafe maka ba. Takardar bayanin samun iyaye dala 25 ce ga makaranta ta farko, 16 ga kowace ta gaba. In an dace, ga kuɗin SEVIS, rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, ga na neman biza dala 185, ga tikitin jirgi. Kuma duk wannan ya faɗo mana a shekarar da aka cire tallafin man fetur, naira ta sulale, har dala ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ku lissafa SEVIS da biza kawai: sama da naira 800,000. Ko da Harvard ɗin ce da kanta ta kira ta, da a nan za mu tsaya muna kallon takardar. Ku ne kuka zama gugan da bai hana ba.

Bari in faɗi abin da ya fi ba ni wuya, don ban taɓa gaya wa kowa ba. Takardar nan ta bayanin samun iyaye, wato CSS Profile, tana tambayar abin da uba ke samu a shekara, da abin da yake kashewa, da abin da ya mallaka, da mutum nawa ke ci a gidansa. Tela ba shi da takardar albashi. Watan azumi ba na barci saboda ɗinkin sallah, bayan babbar sallah kuma sai in yi mako biyu ba wanda ya kawo ko facin wando. Na kuma tashi a gidan da ake cewa rufin asiri ya fi komai. Namiji ba ya buɗe cikinsa a gaban 'yarsa. Da farko na ce ta rubuta adadi mai ɗan kauri, kada Turawa su raina mu. Wani maƙwabcina kuma ya ce a'a, a rubuta ba ni da komai, a ce ma shagon ba nawa ba ne. Mai ba ta shawara a ofishinku ta ce kada a ƙara, kada a rage: in an ƙara, tallafin zai gaza a rasa mai cikewa, in an rage aka gano, an rasa duka. Sai muka ɗauko littattafan awona na shekara biyu, waɗanda nake rubuta sunan mai kaya da kuɗin ɗinki da wanda ya biya da wanda ya ce sai ya dawo. Dare huɗu muna tattarawa ni da ita a kan teburin yanka, tana danna lissafi a waya. Da jimilla ta fito ta yi shiru, ni ma na yi shiru. A daren ta san da nawa aka biya mata kuɗin WAEC. Ban ji daɗin zaman ba, amma tun daga ranar ban ƙara ɓoye mata halin da gida ke ciki ba, kuma ban ga ta raina ni ba.

Sai kuma batun rubutun nan da ɗalibi ke yi a kan kansa a Common App, fom ɗin neman gurbi na intanet, rubutun da ba ya wuce kalma 650. Na farkon da ta yi, ta karanta min ta fassara, duk kuka ne: talauci, rashin wutar lantarki, ita ce fitilar danginta, za ta ceci Afirka. Ni dai ya yi min daɗi, don akwai manyan kalmomi. Aka dawo mata da shi da tambaya ɗaya: in kin taso daga makaranta, me kike yi da hannunki? Ta ce ba komai, tana taya babanta yanka ne kawai. Aka ce ta rubuta wannan. Gaskiya ne tun tana aji uku na ƙaramar sakandare ita ke shimfiɗa min turmin atamfa, yadi shida, ta zana da alli yadda riga da zani da ɗankwali za su fita ba tare da an yi asarar ƙyalle ba, har ta kan fitar da rigar yarinya daga abin da ni zan zubar. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba. Sau bakwai tana sake rubutun, kuma ba wanda ya rubuta mata ko jimla ɗaya. Tambayoyi kawai ake jefa mata ta koma ta yi tunani. Ranar da ta karanta min na ƙarshe, sai na ji shagona a ciki, har da ƙarar keke da ƙanshin dutsen guga.

Jarrabawar SAT a lokacin ta koma ta kwamfuta, mu kuwa ba mu da ita. Da aron ta malamarta da darussan Khan Academy na kyauta ta yi shiri, takan je shagon cajin waya ta zauna in wuta ta ɗauke. Ta tura takardunta kafin wa'adin farkon Janairun 2024. A watan Maris amsoshi suka fara zuwa, yawancinsu "a yi haƙuri". Kun riga kun gaya mata haka za a yi, cewa irin waɗannan makarantu cikin ɗari ba sa ɗaukar goma, shi ya sa kuka sa ta baza ƙafa ba ta rataya a kan suna ɗaya ba. Duk da haka ta sha kuka. Sai wata ƙaramar kwaleji, da ban taɓa jin sunanta ba kuma har yau harshena ke karyewa wajen faɗa, ta ɗauke ta da cikakken tallafi.

Daga nan rigimar ta koma cikin gida. Kakarta ta ce ba za a kai mata jika budurwa ƙasar da ba ta da kowa ba. Yayana ya ce me za ta ci, ina za ta yi salla, wa zai tsawata mata. Ban ga laifinsu ba, ni ma tambayoyin na cikina. Abin da ya taimaka shi ne kun nuna mata yadda za ta rubuta wa makarantar ta yi tambaya kai tsaye, ba kunya. Amsa ta zo cewa akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, akwai ɗakin salla, ana samun abincin halal, akwai kuma ɓangaren kwanan mata. Aka haɗa ta da wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta riga ta zuwa, ita kuma ta yi magana da tsohuwa ta bidiyo, da lulluɓinta, ta gaishe ta da ladabi. Tsohuwa ta ce wannan ai 'yar mutunci ce. Ba ta ce ta yarda ba, amma washegari ta aika a sayo kuka da daddawa da yaji.

Takardar I-20, wadda makaranta ke aiko wa ɗalibi don neman biza, ta iso, kuka biya abin da za a biya, kuka zaunar da su kuka yi musu bayanin ganawar biza da yadda ake rayuwa a can, har da maganar sanyi. A watan Agustan 2024 na raka ta filin jirgin Abuja. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Na ɗinka mata riguna masu shafi biyu, ina ganin na yi dabara. Da hunturu ya shiga ta bugo tana dariya, ta ce Baba, sanyin nan ba irin na Kano ba ne, shaddarka ba ta san shi ba. Yanzu lissafi take karantawa, tana kuma ɗan aiki a ɗakin karatun makarantar.

Roƙona ɗaya ne. In da hali, ku riƙa aiko da sanarwar shirin nan gidajen rediyon Arewa da Hausa. Iyaye irina rediyo muke ji muna aiki, kuma da a can na fara jin labarinku, da keken surfanina yana nan. Ni dai a nawa ɓangaren na manna adireshinku na intanet a jikin ƙofar shago, kusa da hoton samfurin ɗinki. Ɗan mai shayin bakin layinmu ya gama sakandare bana, an ce kansa na ja. Na gaya wa ubansa ya fara rubuta cinikinsa a littafi tun yanzu, ko kofi nawa ya sayar, don za a tambaya.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Naku,
Mahaifin ɗalibarku, tela a birnin Kano