Wasiƙa Zuwa ga Yaya Kan Motar Lantarkin da Aka Yi Maka Tayi

Daga Detroit, jihar Michigan, Amurka

Zuwa ga Yayana abin girmamawa, a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Inna da sauran mutanen gida baki ɗaya. Mu ma a nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Na ji an fara aikin shinkafar rani a fadama, Allah ya ba da amfani mai albarka.

Hotunan motar da ka turo mini sun iso, na kuma saurari saƙonka da kyau. Na fahimci cewa wani dila a Kwatano ya yi maka tayin Chevrolet Bolt ƙirar 2019 a farashi mai sauƙi, kuma kana ganin ita ce mafita daga tsadar fetur da ta addabi kowa tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Niyyarka mai kyau ce, ni ma ba na ƙin motar lantarki. Roƙona ɗaya ne, Yaya: kada ka saki ko sisi sai mun tabbatar da halin da batirin wannan mota yake ciki, domin tana cikin motocin da kamfaninsu ya yi wa kiranye saboda haɗarin gobara. Na zaɓi rubutu a kan kiran waya ne don ka samu abin da za ka nuna wa Kawu, tunda da kuɗinsa a cikin cinikin.

A nan Amurka, idan aka gano wani lahani a mota wanda zai iya jawo asarar rai ko dukiya, doka ta wajabta wa kamfanin da ya ƙera ta ya sanar da hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasa, wato NHTSA, ya aika wa kowane mai motar takarda har gida, sannan ya gyara kyauta ta hannun wakilansa. Kamfanin General Motors ya fara yi wa Bolt irin wannan kiranye a watan Nuwamba na 2020, bayan wasu motoci sun kama wuta suna ajiye, kuma a lokacin ya shafi motoci sama da 68,000 ne ƙirar 2017 zuwa 2019, waɗanda aka yi batirinsu a masana'antar kamfanin LG da ke Ochang a Koriya ta Kudu. Da farko an yi zaton gyaran manhajar kwamfutar motar zai wadatar, amma wasu motocin da aka yi wa wannan gyara suka sake kamawa, sai aka sake kira a watan Yuli na 2021. Wata ɗaya bayan haka aka faɗaɗa kiranyen ya haɗa da duk wata Bolt ƙirar 2017 zuwa 2022, kimanin motoci 140,000, har aka dakatar da ƙera motar a masana'antar Orion da ke nan jiharmu, ba a koma aiki ba sai a watan Afrilu na 2022.

Dalilin lahanin ya kamata ka fahimce shi sosai, domin shi ne zai nuna maka abin da ya sa duban ido ko gwajin tuƙi ba za su gano shi ba. Batirin wannan mota ba irin ɗan akwatin da muka saba gani a gaban mota ba ne. Faffaɗan abu ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kujeru, nauyinsa ya haura kilo 400, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyi 288. A cikin kowace ƙwaya akwai ɓangarori biyu da ba a son su taɓa juna, sai aka raba su da wata leda siririya kamar ɓawon albasar Aliero. Binciken da kamfanonin biyu suka yi ya nuna cewa a wasu ƙwayoyi ƙalilan an samu kurakurai biyu tun daga masana'anta, wato ɗan ƙarfen da ke fitar da wuta ya yage, ita kuma ledar ta naɗe. Idan kurakuran biyu suka haɗu a ƙwaya ɗaya, wuta tana iya haɗewa a ciki, ƙwayar ta ɗauki zafi, zafin ya kama ta kusa da ita, ita ma ta kama ta gabanta, har batirin gaba ɗaya ya ƙone. Motar tana iya yin shekaru tana tafiya lafiya ƙalau da wannan lahani a cikinta, kuma mafi yawan gobarar da aka samu ta tashi ne motar tana tsaye, batirinta a cike ko kusa da cika.

Kafin a samu sababbin batura, kamfanin ya gindaya wa masu motocin wasu sharuɗɗa, kuma ina so ka auna su da rayuwarmu ta gida. An ce kada a yi caji fiye da kashi 90 cikin 100, kada kuma a bari abin da ya rage a batirin ya gaza tafiyar mil 70, wato kimanin kilomita 113. An ce da zarar an gama caji a fitar da motar waje, kada a bar ta tana caji a cikin gini da dare. A watan Satumba na 2021 har aka ƙara da cewa a wuraren ajiye motoci masu hawa-hawa a nisanta ta da sauran motoci da ƙafa 50, kusan mita 15. Motar da aka sayar a kan tana cin kilomita 383 da caji ɗaya, idan ka cire na sama ka cire na ƙasa, abin da zai rage maka kimanin kilomita 230 ne kawai. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kusan kilomita 150 ne, ke nan ba za ta kai ka ta dawo da kai ba sai ka nemi wurin caji a can.

Na ga yadda irin wannan zaman jira yake da idona. Akwai wani maƙwabcina, mutumin Doso ta Nijar, da yake haya da motar lantarki, ita ma an yi mata kiranye saboda batir. A tsakiyar hunturu, lokacin da ƙanƙara take rufe titi, sai ka gan shi bayan sallar isha'i zaune a cikin motar da bargo yana jiran caji ya kai inda aka ƙayyade, sannan ya zare waya, ya kai ta can ƙarshen fili nesa da ginin da iyalinsa suke kwance, ya tako da ƙafa ya dawo. Da asuba kuma sai ya kankare ƙanƙarar gilashi kafin ya fita nema, ga shi sanyi yana rage wa batir ƙarfi, don haka duk fasinjan da zai yi nisa sai ya ba shi haƙuri. Haka ya yi ta fama har layi ya zo kansa aka sa masa sabon batir, bai biya ko kwabo ba. Shi ya samu wannan sauƙi ne saboda sunansa da adireshinsa suna cikin rajista, kuma wakilin kamfani yana cikin garin da yake zaune.

Gyaran Bolt ya ci kuɗi kusan dala biliyan 2, kuma a watan Oktoba na 2021 aka sanar cewa LG ya amince ya ɗauki har dala biliyan 1.9 daga ciki. Motocin 2017 zuwa 2019, irin wadda aka yi maka tayi, an canza musu batir ne da sabo, tare da garantin shekara 8 ko tafiyar mil 100,000. Da yawa daga cikin na 2020 zuwa 2022 kuwa manhaja aka sa musu, wadda take tsayar da caji a kashi 80 cikin 100 tana lura da ƙwayoyin har motar ta yi tafiyar kilomita 10,000, idan ba ta ga alamar lahani ba sai ta sake shi. Saboda haka Bolt ta 2019 da aka canza wa batir mota ce mai kyau, har ma ta fi yadda ta fito daga kamfani, domin sabon batirin ya ɗan fi tsohon girma. Wadda ba a canza wa ba kuwa, ba zan yarda ta kwana a gidan da Inna take ba, ko da kyauta aka ba mu ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyar da irin waɗannan motoci suke bi su iso gare mu. Ka san sana'ata ita ce ɗauko motoci daga wuraren gwanjo in kai su inda ake loda su zuwa tashar jiragen ruwa. Dokar tarayya a nan ta hana dila sayar da sabuwar mota matuƙar akwai kiranyen da ba a gyara ba a kanta, amma ba ta hana sayar da ta hannu a wannan hali ba. Don haka mota tana iya fita daga hannun mai ita, ta shiga gwanjo, ta hau jirgi zuwa Kwatano ko Legas da tsohon batirinta, takardun gargaɗi kuma su ci gaba da zuwa adireshin mutumin da ya daɗe da rabuwa da ita. A filayen gwanjo nakan ga motocin lantarkin da suka yi haɗari ko suka sha ruwa an ware su can gefe, an bar tazara mai yawa tsakaninsu, an rubuta gargaɗi da alli mai launi a gilashinsu. Ma'aikatan wurin sun san dalili, domin bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan teku ya shiga batirinsu sun riƙa kamawa da wuta bayan ruwan ya janye. Irin waɗannan ne suke faɗuwa da araha, kuma idan aka wanke su aka goge, hoto ba zai nuna maka komai ba. Ban ce dilanka maƙaryaci ne ba, mai yiwuwa shi kansa bai san tarihin motar ba, amma sauƙin farashin nan shi ne ya sa nake son a bincika.

Idan motar ta riga ta shigo da tsohon batir, wa za mu kai wa kuka? Gyaran kyauta ta hannun wakilan kamfani ake yinsa, da kayan aiki na musamman da ma'aikatan da aka horar, ba kuma aiki ne da za a kai wa masu gyaran wayarin mota na bakin tasha ba, duk da ƙwarewarsu. Wayoyin nan masu ruwan lemo da za ka gani idan an buɗe gaban motar suna ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin volt 350 ko kusa da haka, wadda take iya kashe mutum nan take. Ka kuma tuna inda za a ajiye ta a gidanmu, wato rumfar da ke jikin ɗakin yara, kusa da buhunan shinkafa da jarkokin man janareta. Cajin ma da dare za a riƙa yinsa, tunda sai lokacin da aka kawo wuta, kuma wannan shi ne ainihin abin da kamfanin ya hana. Gobarar irin wannan batir ba ta mutuwa da bokiti ko ƙaramin tulun kashe wuta, 'yan kwana-kwana a nan sukan kwarara mata ruwa mai ɗimbin yawa na tsawon lokaci, kuma takan sake tashi bayan sa'o'i ko kwanaki. Zafin watan Maris da Afrilu a Kebbi, da yake haura maki 40, shi ma ba ya yi wa batir daɗi, ko da lafiyayye ne.

Abin da nake so ka yi mai sauƙi ne. Ka ce wa dilan ya ɗauko maka hoton lambar jikin motar, wadda ake kira VIN, mai haruffa da lambobi 17. Ana ganinta ta waje a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin takardar da aka liƙa a bakin ƙofar direba, kuma ina son hoton wuraren biyu don mu ga sun yi daidai. Da wannan lamba zan shiga shafin NHTSA a intanet, wanda yake nuna wa mutum kyauta duk wani kiranyen da ba a gyara ba, sannan in biya a ciro mini tarihin motar don mu ga ko ta taɓa yin haɗari ko shan ruwa, in kuma tambayi wakilin kamfanin a nan ranar da aka canza batirin. Idan dilan ya fara kwana-kwana wajen ba da lambar, ka bar masa motarsa.

Na ji daɗin yadda ka ambaci Jelani Aliyu a saƙonka, domin abin alfahari ne a ce wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya zo nan Detroit ya zana wa General Motors mota. Sai dai motar da ya zana ita ce Volt, wadda take da batir da injin fetur a haɗe, kuma ba ta cikin wannan kiranye. A zamanin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, wato NADDC, ne aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, aka kuma ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas a ƙarshen 2020. Ita ma Kona an yi wa waɗanda aka ƙera tsakanin 2017 da farkon 2020 kiranye a ƙasashen duniya saboda batir, don haka ko wata ta hannu aka kawo maka daga waje, binciken lambar nan bai faɗi ba. A ra'ayina, idan har motar lantarki za a saya, wadda kamfaninta yake da wakili a Najeriya ta fi kwanciyar hankali ko da ta fi tsada, domin akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa ranar da wani abu ya taso.

Ina jiran hotunan lambar, kuma in Allah ya yarda cikin kwana biyu da samunsu zan sanar da kai abin da na gano. Kafin nan ka roƙi Kawu ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata ina neman addu'arta, ka gaishe da Kawu da mutanen Argungu, da matanka da yara duka.

Wassalam,
Ƙaninka.