Godiya ga ma'aikatan ɗakin yara na jirgin MSC, daga uwar da ta yi muku gardama

Zuwa ga ma'aikatan sashen yara na jirgin ruwan shaƙatawa na kamfanin MSC da ya ɗauke mu daga Dubai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Na san da wuya ku tuna da ni, don iyayen da ke tsayawa a gaban teburinku cikin mako guda ba sa ƙirguwa. Amma idan akwai wanda ya tuna wata mata mai baƙar abaya da ta kafe a ƙofarku ranar farko, tana cewa ita fa ba za a raba mata 'ya'ya ba, to ni ce. Da Hausa na rubuta wasiƙar nan, na kuma sa ta a fili don 'yan uwana iyaye su gani. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa bisa al'adarmu, ya yi alkawarin zai juya muku ita zuwa Turanci.

Mu mutanen Kano ne, maigidana yana kasuwanci a unguwar Deira da ke nan Dubai. Sunan MSC mun daɗe da saninsa, amma a jikin kwantena, irin waɗanda ake lodawa su sauka a Apapa. Sai da muka zauna a nan muka gane ashe har mutane kamfanin yake ɗauka yawon buɗe ido. Da hutun makaranta na Disamba ya zo, maigida ya ce a gwada. Kwana 7, daga tashar Mina Rashid, a taɓa Doha da Abu Dhabi da tsibirin Sir Bani Yas, a dawo.

'Ya'yanmu uku. Babban namiji ne, shekararsa 12. Mai bi masa mace ce mai shekara 9, duk gida Yaya ake ce mata. Sai Auta, 'yar shekara 5, mai ƙiwa, wadda Turancinta bai wuce na "eh" da "a'a" ba. Tun da Auta ta fara tafiya hannunta yana cikin na Yaya. Makaranta tare, Islamiyya tare, ko banɗaki za ta da dare sai ta tashi Yaya. Shi ya sa na hau jirgin da lissafina a shirye: in miƙa su biyun ɗaki ɗaya, Yaya ta kula da ƙanwarta, ni kuma in samu in sha iska.

A wajen rajista lissafin ya rushe. Wata budurwa 'yar ƙasar Filifins, wadda daga baya yaran suka riƙa kira Anti, ta nuna min tsarinku. Mini Club na 'yan shekara 3 zuwa 6 ne. Junior Club na 7 zuwa 11. Young Club na 12 zuwa 14, Teen Club kuma na 15 zuwa 17. Wato 'ya'yana uku, ƙofa uku. Na ce ina! A gidanmu babba ke riƙe ƙarami, haka aka yi mana, haka muke yi. Na roƙa a ɗaga Auta zuwa ɗakin Yaya, aka ce ba zai yiwu ba. Na roƙa a sauko da Yaya, nan ma aka ba ni haƙuri. Har da cewa na yi ai Auta ta kusa shida, Allah ya yafe min, alhali saura wata takwas, kuma ko shidan ta cika ba ta kai bakwai ba. Ranar haihuwarta tana nan ɓaro-ɓaro a kwamfutarku, yadda take a fasfo. Anti ta kalli allon, ta kalle ni, ta yi murmushi, ba ta ce komai a kan wannan ba. Wannan sutura kaɗai ta isa a gode mata.

Abin da ya sanyaya min rai shi ne ba ta tsaya a "doka ce" ta kira na bayana ba. Ta leƙa da ni ɗakin manyan, na ga yara maza 'yan shekara 10 da 11 suna wasan guje-guje kamar za su tsaga ƙasa. Ta ce idan Auta ta shiga nan, ko dai a bangaje ta, ko ta maƙale a lungu, ko kuma yayarta ta bar wasa ta koma gadinta. Ta nuna min ɗakin ƙananan, kujeru 'yan mitsi-mitsi, tulin kayan wasan gini na LEGO manya-manya waɗanda yaro ba zai haɗiye ba, ga ma'aikata sun fi yawa a kan yara kaɗan. Sannan ta kama hannun Auta ta nuna min munduwar robar da aka ɗaura mata, mai ɗauke da alamar wurin taruwarmu idan wani abu ya faru. Ta ce kowace ma'aikaciya tana da jerin yaran da ke hannunta, idan aka busa ƙararrawar gaggawa su ne za su kawo mana yaran wurin taruwa, kada iyaye su ruga ɗakin yara suna neman nasu. Yaron da aka sa a ɗakin da ba nasa ba don a faranta wa uwarsa, shi ne zai rikita ƙidaya ranar da ƙidaya take da tsada.

A lokacin jin ta kawai na yi. Sai daga baya maigida ya tuna min da jirgin Costa Concordia da ya kife kusa da tsibirin Giglio a Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Bayan wannan hatsarin ne aka wajabta yi wa fasinjoji atisayen ceto kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi, atisayen da ni kuma na yi ta ƙorafin ya hana ni kwance kaya.

Kafin mu bar teburin, Anti ta durƙusa daidai tsayin Auta, ta ɗauko takarda ta ce in faɗa mata kalmomin da yarinyar za ta fi buƙata. Ta rubuta "ruwa", ta rubuta "fitsari", ta rubuta "Mama", ta rubuta "zo". Ta yi ta maimaita su da lanƙwasar harshenta har Auta ta ɓoye fuska a jikina tana dariya. A fom ɗin akwai wajen rubuta abin da yaro ba ya ci, na rubuta naman alade, ta ja masa layi biyu a gabana.

Ba zan ce abin ya tafi sumul ba. Ranar farko ko minti arba'in ba a yi ba aka neme ni, na tarar da Auta hawaye shaɓe-shaɓe a cinyar Anti. Na ce a raina, ai ga irinta nan. Washegari ta yi awa guda. Rana ta uku na je ɗaukar ta don mu yi sallar la'asar mu ci abinci, na same ta da wata 'yar Rasha suna gina wani abu da suka ce gidan raƙumi ne, wannan tana Hausa, waccan tana yarenta, kuma hira tana tafiya. Ta ɗago ta ce min, "Mama, ki je ki dawo."

Amma ba don Auta na ɗauki alƙalami ba. Don Yaya ne.

Ranar farko, in ji wani matashi ɗan Brazil da ke kula da ɗakinsu, Yaya ba ta zauna ba. Kowane ɗan lokaci sai ta je bakin ƙofa ta tambayi ƙanwarta. Bai kore ta ba, bai kuma buɗe mata ƙofar ba. Sai ya tafi da kansa ya leƙo ya dawo ya ce, tana zane. An jima ya sake zuwa, ya ce ta sha ruwa. Da aka zo ɗaukar Auta ma ya gaya mata gaskiya, cewa ta yi kuka, tana wajen Mama yanzu. Sau nawa ya yi zirga-zirgar nan a ranar, shi kaɗai ya sani.

Rana ta huɗu na isa da wuri, na tsaya a bakin ƙofa ba ta gan ni ba. An raba su ƙungiya-ƙungiya ana gasar neman abin da aka ɓoye. Ga Yaya nan a gaba, ɗankwali ya zame, tana gudu tana ba da umarni da Turanci, tana ƙyaƙyata dariya baki buɗe. Hannayenta biyu a sake. Na yi ta kallon hannayen nan, don na rasa yaushe rabon da in gan su babu na Auta a ciki. Da dare, muna kwance jirgi yana ɗan lilo da mu, ta ce min, "Mama, yau ba wanda na riƙe." Ba ƙorafi take yi ba, labari take ba ni. Ni ce na juya fuska bango.

Ni ma ina 'yar shekara 8 ake ɗaura min ƙanena a baya in fita wasan gaɗa, in yi tsalle a hankali kada ya farka. Ban taɓa ɗaukar hakan zalunci ba, yanzu ma ban ɗauka ba, zumuncinmu daga nan ya samo asali. Sai dai a ƙasar da ba kaka, ba gwaggo, ba 'ya'yan maƙwabta, duk rainon da dangi ke rabawa a gida na ɗora shi a kan yarinya ɗaya ban sani ba. Ƙa'idar da na yi wa gardama ita ce ta sauke mata shi na kwana 7.

Babban kuwa ba sai na ɓata muku lokaci ba. Ya samu sa'anninsa, sai lokacin sallah da cin abinci muke ganin ƙeyarsa.

Ga iyayen da ke shirin irin wannan tafiya, ku duba rabon shekarun tun kafin ku biya kuɗi, don kowane kamfani da nasa. A jiragen Carnival an raba ƙananan uku: 2 zuwa 5, 6 zuwa 8, 9 zuwa 11. A na Disney kuwa, daga ƙarshen 2023, 'yan shekara 3 zuwa 10 wuri ɗaya suke, wato da can muka je da 'yan matan nawa suna tare, da kuma Yaya ta ci gaba da aikinta na kullum. Na yarda akwai waɗanda rabuwar za ta fi yi wa ciwo, kamar mai 6 da mai 7 da ke kan iyaka, ko yaron da ke da lalura ta musamman. Masu irin wannan su yi magana da kamfani tun suna gida, kada su bari sai a bakin ƙofa kamar ni.

Ranar Sir Bani Yas mun fita gaba ɗayanmu, muka shiga mota muka ga barewa da raƙumin dawa. Auta ta kalle su sama-sama, ta ce yaushe za a koma wajen Anti.

Don haka na gode, na gode ƙwarai. Ina roƙon shugabanninku su nemo budurwar nan da matashin nan su yaba musu, don sun san aikinsu. Ku gaya wa Anti cewa "fitsari" ɗin da take faɗi da wata irin murya ya zama abin dariya a gidanmu har yau. Munduwar robar kuwa sai da Auta ta yi mako biyu da ita a hannu kafin ta yarda a yanke, kuma tana nan a ajiye cikin gwangwanin 'yan kunnenta. Yaya ta ce a sa ta ajin koyon iyo ranar Asabar, ita kaɗai. An sa ta.

Allah ya saka muku da alheri, ya kai ku tasha lafiya a kowace tafiya.

Taku,
Wata uwa daga Kano, mazauniyar Dubai