Katangun gonakin inabi na kwarin Douro sun cancanci a yi rahoto a kansu

Assalamu alaikum Edita, dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wasu manoma da ba a cika kawo labarinsu ba, wato masu noman inabi a kwarin kogin Douro da ke arewacin ƙasar Fotugal. Na san wani zai ce ai giya ake yi da inabin, haka ne kuma, ni ba ita ce ta kawo ni ba, noman ne ya tsaya min a rai.

Wurin nan fa duk gangara ce da dutse, ƙasar kirki ma babu, sai da mutane suka riƙa farfasa dutsen da hannu suna jera katangu hawa hawa tun daga bakin kogi har saman tudu, kowace katanga ta riƙe ƴar ƙasar da ke bayanta kar ruwa ya tafi da ita. Dutsen kuma irin mai ɓarewa ne falle falle, to ta tsagar nan saiwar inabin take bi ta nutsa can ƙasa ta samo laima, shi ya sa yake jure fari. Duwatsun Marão sun tare iska mai danshi da ke tasowa daga tekun Atlantika, saboda haka lokacin sanyi a sha sanyi, lokacin zafi kuma abin ba a cewa komai, a watan Yulin 2022 sai da zafi ya kai digiri 47 a garin Pinhão.

Tun 1756 gwamnati ta shata iyakar yankin. A shekarun 1860 wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka, filoksera, ya cinye saiwoyin, gonaki da yawa aka watsar da su har yau kufai ne, waɗanda suka farfaɗo sai da aka aura inabinsu a kan saiwar irin na Amurka.

Abin da ke damuna shi ne yanzu matasa suna ta barin ƙauyukan suna tafiya birni, leburori sun yi wuya, ga shi a gangara irin wannan inji ba ya shiga, cirar inabin da hannu ake yinta a ɗauko a kafaɗa. Tun wajen shekarun 1970 aka fara yanka sabbin matakala da katafila ba tare da katanga ba don tarakta ta samu hanya, kuɗin aiki ya ragu gaskiya, amma idan aka yi ruwa mai ƙarfi ƙasar tana zaizayewa. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, to amma takardar yabo ba ta gyara katangar da ta rushe, sai an samu mai hannu da ya iya jera dutse, kuma masu iyawar tsufa suke yi.

Ina roƙo, ranka ya daɗe, shafinku na noma ya yi mana cikakken rahoto a kan wannan, da hotunan katangun, a kuma ji ta bakin ƙananan manoman su kansu kan yadda suke fama da zafin da ke ƙaruwa.

Naka mai karatu a kullum.